Ciyawar gaban gida ta ƙi kamawa a ƙarƙashin mangwaro, ƙasar kuma laka ce: amsar mai tambaya daga Barnawa

Wani bawan Allah daga unguwar Barnawa a Kaduna ya turo tambaya, yace yana da ɗan fili a gaban gida, tsawo kamar mita 10 faɗi mita 5, da mangwaro biyu da dogon yaro ɗaya a ciki. Ƙasar laka ce, da damina ruwa ya kwanta har gansakuka ta fito, da rani kuma ta tsattsage ta yi tauri ko diga da ƙyar take shiga. Ya dasa ciyawa ta mutu, ya sake dasawa ya zuba takin zamani ta sake mutuwa, yanzu wani ya ba shi shawara ya sa a kawo tifar yashi a baza. Yace me zai yi.

Toh Alhaji, kafin komai ka dakatar da mai tifar nan, kuma kar ka ƙara sayen ko mudu ɗaya na takin zamani tukuna. Ciyawarka ba yunwa ke kashe ta ba. Rana ce ba ta samu, saiwarta kuma ba ta samun iska, kuma a cikin biyun nan ranar ce gaba domin ita ce za ta gaya maka ko aikin ma ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Ka ware rana ɗaya da kake gida, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma duk bayan awa ɗaya ka fito ka ɗauki hoton filin da waya daga wuri guda. Da dare ka zauna ka duba hotunan, zaka ga filin da kansa ya rabu. Inda rana ke dukan ƙasa awa 6 ko fiye, kusan kowace ciyawa zata yi. Inda take samun awa 4 zuwa 5, ko hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye yawancin yini, nan sai an zaɓi iri. Inda bai kai awa 3 zuwa 4 ba, wato dai gindin mangwaron nan da jikin katanga, gaskiya ɗaya ce ka haƙura da ciyawa a wurin, ko wa ka ɗauko ba zai yi maka ba. Masu sayar da fulawa na bakin titi ba kowa ne zai gaya maka haka ba tunda ciyawar yake so ya sayar, ni kuma nasan in na ɓoye maka baɗi war haka zaka dawo da tambayar nan. Sannan ka lura inuwa a Kaduna ba wuri ɗaya take zama ba duk shekara. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana ɗan bi ta arewa da mu, da hunturu kuma ta karkata kudu sosai, shi yasa katangar da ke kudancin fili take shimfiɗa doguwar inuwa a Disamba amma a Yuni kusan babu. In da hali ka yi hoton nan sau biyu, da damina da kuma da sanyi.

Mangwaro shi ne babban abokin gabar. Ba ya kaɗe ganye gaba ɗaya, inuwarsa mai kauri ce, kuma ƙananan saiwoyinsa da ke shan ruwa da taki suna nan sama-sama daidai inda saiwar ciyawa take. Dogon yaro da sauƙi tunda ganyensa ƙanana ne haske na ratsawa. Ban ce ka sare su ba, wanda ya san zafin Maris da Afrilu a garin nan ba zai ba ka wannan shawarar ba. Sassabe za a yi musu: a cire rassan ƙasa har kamar tsayin mita biyu da rabi zuwa uku yadda ranar safe da ta la'asar za ta riƙa shigowa ta gefe, a rage waɗanda suka sarƙe a ciki. A bari sai an gama cin 'ya'yan, wajen Mayu zuwa Yuni, kuma kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda. Ka tsaya a kan mai saran da kanka, domin in ka ba shi adda ka shiga gida, kafin ka fito ya yi wa bishiyar ƙwal-kwabo, ita kuma ta huce da fitar da tohon da ya fi na da duhu.

Sai maganar ƙasa. Yawancin gidajen da nake shiga a Barnawa, Malali, Unguwar Rimi har sababbin unguwanni irin Millennium City, abin da ke gaban gidan ba asalin ƙasar wurin ba ce. Lokacin gini an kwashe baƙar ƙasar sama, an yi ciko da jar ƙasa, tifa ta bi ta kai ta dawo, an kwaɓa siminti a kai, aka binne baraguzai da fasassun bulo, daga ƙarshe aka yayyafa 'yar baƙar ƙasa yatsa biyu aka dasa ciyawa. Laka ita kanta ba mugunta gare ta ba, ta fi yashi riƙe ruwa da taki nesa ba kusa ba. Matsalarta ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, in aka taka ta tana jiƙe sai su manne 'yan ƙofofin da iska da ruwa ke bi su toshe. Daga nan ruwa ya kwanta a sama, saiwa ta tsaya a santimita biyu uku ta kasa nutsawa, da Agusta ta ruɓe da Maris ta ƙone. Gansakukar da kake gani ba ita ta kori ciyawar ba, wuri ta samu babu kowa ga laima ga inuwa ta zauna.

Ka yi gwaji biyu, ba ko sisi. Kwana ɗaya bayan an yi ruwa mai kyau ka ɗauki guntun rodi ka danna da hannu a wurare daban-daban, in ya tsaya tun kafin ya shiga tsawon yatsa to wurin ya daddaɓe. Na biyun, ka tona rami mai zurfin santimita 30 ka cika da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In yana sauka kamar santimita biyu da rabi a awa, ƙasar zata gyaru da sauƙi. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa a ciki, to akwai abin da ya tare a ƙasa, ko ciko ne da aka danne ko marmara ce, wadda ba baƙuwa ba ce a Kaduna. Ramin nan kuma ka leƙa shi da kyau, ka ga ina baƙar ƙasa ta ƙare, akwai tana ko babu, ƙasar ja ce ko ta yi toka-toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa tana warin kwata. In ka ga mai toka-tokan to ruwa ya daɗe yana kwana a wurin.

In haka ne sai an fara yi wa ruwa hanya, in ba haka ba duk sauran aikin asara ne. Ka ɗaga kai ka duba indararo ko bututun rufin gidan, ina yake zuba? Sau da yawa ruwan kwanon gaba ɗaya a kan filin yake sauka, garin da ke samun ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, ka tara na rufi da na sama a kan laka, ai dole. A ja shi da bututu zuwa kwata ko a tara a tanki. Filin kuma a ba shi ɗan gangare, kamar santimita 2 a kowace mita, ya bar jikin gini ya nufi waje. In akwai kwarin da ruwa ke taruwa a tona siririn lambatu mai zurfin santimita 40 haka, a shimfiɗa tsakuwa, a kwantar da bututun roba da aka huhhuda, a rufe da tsakuwa sannan ƙasa. Amma fa dole bakin bututun ya samu inda zai zubar, wanda ya fi shi ƙasa. Na sha ganin an yi wannan aikin ba mafita, ya zama an gina wa ruwan ɗaki ne kawai.

Yashin nan da aka ce ka zuba, ka tuna yadda magina ke yi in suna son laka ta yi ƙarfi, ai ɗan yashi suke sa mata su kwaɓa ta bushe ta zama tubali. Abin da tifa ɗaya zata yi maka kenan. Kafin yashi ya canza halin laka sai ya kai wajen rabin ƙasar ko fiye, wato tifa da tifa, kuma mai kaushi ba mai laushin filasta ba. In kuma shimfiɗa shi aka yi a sama ba a gauraya ba, ruwa ya ratsa yashin ya tsaya a kan lakar, saiwa ta zauna cikin ruwa. Haka masu cewa a sayi jifsom, wani farin garin ma'adini da ake zuba wa ƙasa, shi yana aiki ne a ƙasar da gishirin sodiyam ya ɓata, irin mai kanwa-kanwa, ƙasar tudu ta nan yankin kuwa yawanci ba ita ba ce, ta ma fi karkata ga ɗan tsami. In kana son tabbaci ka ɗebi ƙasar daga wurare huɗu biyar ka haɗa ka kai sashen nazarin ƙasa na ABU da ke Samaru a Zariya su auna maka, ya fi ka yi ta zuba abin da ba ka san amfaninsa ba.

Abin da ke gyara laka shi ne ruɓaɓɓen taki da huda. Ruɓaɓɓe nace. Kashin shanu ɗanye daga zango yana zuwa da irin ciyayi kala-kala da gwazarma, kuma gara na binsa, kashin kaji ɗanye kuma ƙona ciyawa yake. Garin katako ɗanye ya fi su duka sharri domin kafin ya ruɓe sai ya janye sinadarin naitirojin na ƙasar, ka ga ciyawa ta yi ɗorawa-ɗorawa. A tara kashin shanun da na kajin da ganyen mangwaron da kuke sharewa kuna ƙonawa, da ɓuntun shinkafa in ana samu, a lungu ɗaya, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk bayan sati biyu. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari ya daina zafi in ka cusa hannu, ya koma yana marmashewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ke son aiki a Yuni tun Fabrairu ko Maris yake tara takinsa.

Yanzu ya danganta da abin da ya rage a filin. In har rabin wurin da sauran ciyawa mai rai, kar a tone, huda za a yi. Cokalin tona ƙasa mai yatsu huɗu yana ɗan taimakawa, a danna a girgiza gaba da baya, amma a laka yana matse gefen ramin ne kawai. Wanda ya fi shi ne mai cire ƙasar waje. Ka je Panteka wajen masu walda, ka ce su yanko maka bututun ƙarfe mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci ɗaya, su wasa bakin, su tsaga gefensa daga sama kaɗan yadda ƙasar zata riƙa fita, su sa masa mataki da mariƙi. In sun jera biyu ko uku a jikin ƙarfe ɗaya ya fi sauri. A taka ya shiga santimita 8 zuwa 10, tsakanin rami da rami kamar santimita 15. A filinka mai murabba'in mita 50 ramin zai haura dubu biyu, don haka ka samu samari biyu ka biya su, ba aikin yamma ɗaya ba ne. Ƙasar da ta fito, tunda laka ce, a kwashe a kai kan tarin taki. Sannan a baza ruɓaɓɓen takin da aka tankaɗe, kaurin santimita ɗaya kawai, a bi da tsintsiyar kwakwa ana tura shi cikin ramukan har kan ciyawar ya fito fili. Santimita ɗaya a filinka rabin kubik mita ne, baro 8 zuwa 10 kenan. Nan ne kaɗai zan yarda da yashi, in ka haɗa kashi ɗaya mai kaushi da kashi biyu na taki don cika ramukan.

Lokacin aikin shi ne rabin aikin. Ka damƙi ƙasar ka dunƙule, ka danna da babban yatsa. In ta farfashe to yau ne. In ta lanƙwashe tana sheƙi tana manne maka a hannu, ka bari ta sha iska kwana biyu. In kuma ta ƙi dunƙulewa ta bushe da yawa. A Kaduna wannan damar tana faɗowa ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni bayan ruwa ya zauna, sai kuma ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Agusta ko kusa, duk wanda ya shiga laka da cebur cikin marka ƙara daɓe ta yake yi.

In kuma filin ya zama fako babu abin ceto, a sassaƙe shi da diga zurfin santimita 15 zuwa 20, a tsince baraguzai, a zuba taki kaurin santimita 5 a gauraya sosai, wannan kam zai ci baro 40 ko fiye. Sai dai kar a kai diga kusa da gindin bishiya, kar a sare saiwar da ta kai kaurin hannu, kuma kar a tula ƙasa a kan saiwoyin don a ɓoye su, fiye da santimita 5 shaƙe bishiyar yake yi a hankali, sai bayan shekara biyu uku ka ga tana bushewa daga sama ka rasa dalili. Aya-aya in ta yi yawa a tono ta da 'ya'yanta na ƙasa tun yanzu, in ka tsinke ganye kawai ka ba ta aski ne.

Irin ciyawa kuma, ina kyautata zaton kirikiri aka dasa maka, mai siririn ganyen nan ta filin ƙwallo. Tana da juriyar taku da fari amma duk cikin ciyayin ado ita ce ta fi ƙin inuwa. Wadda ake kira Fatakwal tana jure ƙasa mai tauri, ita ma dai rana take so, ga 'ya'yanta masu maƙalewa a ƙafar wando. Don wurin inuwa, ciyawa iri biyu nake ba mutane. Akwai kafet mai faɗin ganye mai sheƙi, tana son laima kuma ba ta damu da ƙasa mai nauyi ba, illarta da hunturu in ba ruwa sai ta yi ja. Sai wadda wasu ke kira bafalo, Santa Ogastin a littafi, ganyenta mai faɗi da dakusasshen baki, jijiyarta mai kauri tana rarrafe a saman ƙasa, ita ce ta fi duka haƙuri da inuwa amma ba ta son yawan taku. Sunayen nan kowane mai fulawa da yadda yake kiransu, don haka kar ka sayi suna, ka ce ya nuna maka wadda ke yi masa kyau a ƙarƙashin bishiyar da yake zaune, ka ɗebi wannan. Dashe ake yi ba iri ba, a Yuni, kuma a inuwa a matse tazarar zuwa santimita 15 tunda ba ta saurin yaɗuwa. Sati shida zuwa takwas ba mai takawa, ko da igiya ce a kewaye.

Gindin mangwaron da muka cire daga lissafi ba zama zai yi tsirara ba. A zagaye shi da bulo ko duwatsu, a shimfiɗa busasshen ganye ko tsakuwa kaurin yatsa uku, a bar tazara kar ya taɓa jikin bishiyar ko bangon gida saboda gara. A gefe a sa moɗa ko fulawar nan mai ganyen gwaza, suna son inuwa. Citta ma tana yi a inuwa mara duhu sosai, mutanen Kachiya da Kafanchan shaida ne kan yadda ƙasar jihar nan ke karɓarta, sai dai a yi mata a buhu ko tukunya da sassauƙar ƙasa don ba ta shiri da laka. Ko kawai ka ajiye benci, wurin ya fi dacewa da zama da shan shayi. Inda kuma mutane suka riga suka yi hanya daga get zuwa ƙofa, kar ka yi faɗa da su, ka jera musu intalok ko falalen dutse a bi ta kai.

Abin da zan roƙe ka da girman Allah, a daina ajiye mota ko wanke ta a kan filin. Taya ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar laka ta rusa hudar wata guda, ruwan sabulun wanki kuma yana da sodiyam da ke ƙara manne lakar. Ruwan wankin tsakar gida ma a canza masa hanya.

Taki na zamani sai bayan ciyawar ta kama, kuma ta inuwa rabin abin da ta rana ke ci take buƙata. NPK 15-15-15 kilo ɗaya ya ishi filinka duka, sau ɗaya a Yuni ko Yuli, in ka ga dama ka ƙara rabin haka a Satumba, a watsa ganye na bushe a bi da ruwa. Yuriya ka bar wa masara, a inuwa sai ta sa ciyawa ta yi tsawo ta yi laushi cuta ta kama ta. Wajen yanka a ɗaga injin, a bar ta santimita 6 zuwa 8, kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya, domin ganyen shi ne abin da take kama ɗan hasken da shi. Masu zuwa da injin kafaɗa su kwashe har ƙasa don wai ya daɗe ba a kira su ba, su suka fi kashe ciyawar inuwa a garin nan. Ganyen mangwaro kuma a riƙa sharewa duk kwana biyu uku kar ya rufe ta.

Ka kuma yi lissafin ruwan rani tun yanzu, daga Nuwamba zuwa Maris kusan ba ɗigo. Ciyawa na son kamar santimita biyu da rabi a sati, wato jarka ɗaya mai lita 25 a kowace murabba'in mita, filinka jarka 50 kenan duk sati, da zafin bazara ma ya fi haka tunda bishiyoyin na sha tare da ita. In ba bohol gare ka ba gara ka rage faɗin ciyawar zuwa inda rana ta fi samu. A ba ta da safe, sau biyu a sati mai yawa maimakon yayyafin kullum, kuma tunda laka a hankali take sha, in ka ga ruwa ya fara gudu a sama ka kashe tiyo ka ba shi rabin awa sannan ka ci gaba. Ka ajiye gwangwanin madara biyu uku a filin don ka ga yawan abin da ya sauka.

Hudar nan da bazawar taki za ka maimaita su duk shekara, aƙalla damina biyu zuwa uku a jere, kafin lakar ta saki sosai. Daminar farko abin da zaka fara gani shi ne ruwa ya daina kwana a sama, cikar ciyawar sai a ta biyu. Duk farkon damina ka sake danna rodin nan a wuraren da ka gwada da farko, inda ya ƙi shiga nan za a fi ba ƙarfi a hudar shekarar.